Wai farcen humra ne a turaren zamanin Annabi Musa?

Abu Hanan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya uwargida tana gyaran kayan humra, na ga ta baje wasu abubuwa a faranti kamar ɓawon gyaɗa da ya ƙone, ƙarni ya cika tsakar gida. Na tambaya, ta ce farce ne. Sai ya tuna mini wani abu da na daɗe ina karantawa. A littafin Fitowa na Attaura, sura 30 aya 34, an umarci Annabi Musa (AS) ya haɗa turaren wuta na wurin ibada da abubuwa huɗu, awo ɗaya ɗaya. Da Ibraniyanci sunayensu nataf, shehelet, helbena da lebona. Lebona shi ne lubban, babu gardama. Helbena ƙaron wani tsiro ne na wajajen Iran. Amma shehelet, yau sama da shekara dubu ana jayayya a kansa, kuma da yawa sun ce wannan farcen ne da matanmu ke soyawa. Masu turare da malamai, ku fito.

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, farcen ma na wane ne? Ni fa tun ina yarinya nake zaton farcen wata dabba ce ake yankowa, shi ya sa ba na son taɓa shi ɗanye.

Hajja Mai Turare: Maman Walid kin ba ni dariya. Ba farcen kowa ba ne ƴata. Dodon koɗin teku ne, idan ya shige cikin katantanwarsa akwai ɗan murfi da yake rufe ƙofa da shi. Wannan murfin ake ɓamɓarowa a shanya. Siffarsa ce kamar farce, shi ya sa. Mu nan Maiduguri tun kakanninmu ba a humra ta kirki babu shi. Shi kansa ba wani ƙamshi ne da shi ba, aikinsa ya kama turare ya riƙe. Ki sa humra mai farce a zani, ki wanke zanin, ki shanya, har yanzu tana nan.

Ɗan Maiurno: Gaskiyar Hajja. Nan Sudan dufra ake ce masa, daga zufur na Larabci, wato farce. Ba a haɗa khumrar amarya sai da shi, tare da sandal da mahlab da miski. Daga gaɓar Bahar Maliya ake kawowa. Kun ga Bahar Maliyan nan kuwa ita ce Bani Isra'ila suka tsallaka, to ni a ganina magana ta ƙare.

Abu Hanan: Da ta ƙare da ban kawo ta ba, Ɗan Maiurno. Matsalar ita ce kalmar shehelet sau ɗaya tak ta zo a duk littattafan Ibraniyanci na Tsohon Alkawari. Babu wata ayar da za ka je ka gwada ka ga yadda aka yi amfani da ita. Kamar a ce ka tsinci kalma ɗaya a tsohuwar waƙar ajami, ba a sake faɗinta ko'ina ba, wanda ya rubuta kuma ya rasu.

Ɗan Wusasa: Sannunku. Bari in sa baki tunda mun taɓa wannan a makarantar tauhidi. Inda farce ya shigo maganar shi ne Iskandariya ta Masar. A ƙarni na 3 kafin Almasihu, Yahudawan can suka juya Attaura zuwa Girkanci, fassarar da ake kira Seftuwajin. Da suka iso shehelet sai suka sa oniks, wanda a Girkanci yake nufin farce ko ƙumba. Jerom da ya yi ta Latin wajen ƙarshen ƙarni na 4 ya bi sahunsu, daga nan kalmar onika ta bazu cikin fassarori. Su ma malaman Yahudawa na Talmud, babban kundin fiƙihunsu, da suka lissafa kayan turaren ba su ce shehelet ba, suka ce tsifforen, shi ma farce ke nan. To hanya biyu daban sun haɗu a kan farce. Abin da ba su faɗa ba shi ne farcen me.

Malama Bilki: Ɗan Wusasa ka ce ƙumba sai na tuna. A Hausa ma ƙumba suna biyu ne, farcen yatsa da kuma ɓawon nan na bakin kogi mai kama da cokali. Ashe ba Girkawa kaɗai suka ga kamar ba.

Sadauki: Ni fa ban gane ba. Mene ne amfanin mu zauna muna tona turaren Yahudawa? Ba mu da abin tattaunawa ne?

Malam Na Ƙofar Mata: Sadauki, yi haƙuri. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, wani kuma ya ce kada ku gaskata Ahlul Kitabi kada ku ƙaryata su. Ba hukunci muke cirowa ba, tarihin kaya muke bi. Kuma abin ya shafe mu kai tsaye, don wannan farcen yana cikin littattafanmu. Hadisin Ummu Aɗiyya (RA) a Bukhari da Muslim, game da mai takaba: ba ta sa kwalli, ba ta sa turare har wata huɗu da kwana goma, amma an yi mata rangwame idan ta yi wankan tsarki daga haila ta yi amfani da ɗan ƙanƙanin ƙusɗu ko azfar. Azfar jam'in zufur ne. Imam Nawawi ya ce nau'i biyu ne sanannu na turaren hayaƙi, kuma an yi rangwamen ne don kawar da wari, ba don ado ba. Ke nan a Madina zamanin Sahabbai mata sun san farce sarai.

Hajja Mai Turare: Allahu Akbar. Allah gafarta Malam, shekara talatin ina soya abin nan ban san yana cikin hadisi ba.

Malam Na Ƙofar Mata: Amma Hajja ki ji abin mamaki, mu ma ba mu tsira daga irin wannan saɓani ba. A wata ruwayar Bukhari lafazin ya zo kusti azfar a haɗe, babu "ko" a tsakani. Sai wasu masu sharhi suka ce daidai shi ne ƙusɗu Zafar, wato ƙusɗun da ake kawowa daga garin Zafar na Yaman. Ibn Hajar ya kawo wannan a Fathul Bari. Alif ɗaya ne tsakanin farce da sunan gari. To idan Larabci da muke da ƙamus da isnadi haka ta faru, ina ga kalmar da ta girme shi da nisa.

Sadauki: To na ji Malam. Na janye.

Ɗan Wusasa: Malam ya kyauta. Yanzu bari in kawo babbar hujjar masu cewa ba dodon koɗi ba ne. Littafin Firistoci sura 11 ya ce duk abin da ke cikin ruwa wanda ba shi da ƙege da ɓawon kifi abin ƙyama ne ga Isra'ilawa. Dodon koɗi ba shi da ko ɗaya. Ta yaya za a ɗauki wani sashe na haramtacciyar halitta a ƙona a wuri mai tsarki, safe da yamma? Ayar ma cewa ta yi turaren ya zama tsattsarka. Wannan ya sa Rashi, babban mai tafsirinsu na Faransa da ya rasu 1105, ya ce shehelet saiwa ce mai ƙamshi, mai santsi da sheƙi kamar farce. A Talmud ɗin ma, cikin sashen da ake kira Keritot, akwai wurin da aka ɗauke shi a matsayin abin da ke tsirowa daga ƙasa.

Ɗan Maiurno: Rashi yana zaune a Faransa cikin sanyi, ina ya ga Bahar Maliya? Wanda bai taɓa ganin dufra ba dole ya ce saiwa ce.

Abu Hanan: Hhh Ɗan Maiurno ka cika son kai wa tekunku. Amma ka samu mai goya maka baya. Nahmanides, malaminsu na Kataloniya ta ƙasar Sifen da ya zo bayan Rashi, cewa ya yi farce ne da ke fitowa daga teku. Sannan hujjar haramci tana da rami. Shuɗin zaren da ake saƙa rigar babban firist da labulen wurin ibada, wanda suke kira tekelet, su da kansu sun ce daga wata halittar teku ake samo rininsa, kuma yawancin masu bincike yau sun tafi a kan dodon koɗi ne. Idan an yarda a rina rigar firist da shi, me zai hana murfinsa shiga wuta? Haramcin na ci ne.

Ɗan Wusasa: Rini daban, hadaya daban, Abu Hanan. Abin da ake ƙonawa a bagade miƙa shi ake yi ga Allah. Su ma sun yi wannan faɗan a kan wani sinadarin. Malaminsu Musa bin Maimun ya ce mor na cikin kayan tsarki miski ne da ake samu daga jikin wata dabba a Indiya, sai wani malaminsu Ra'abad ya taso masa ya ce ba a shigar da jinin dabba cikin kayan tsarki, balle marar tsarki. Ka ga su kansu ba su daidaita ba.

Maman Walid: Ni dai ina bin ku a hankali. To in ba farce ba, sai me?

Abu Hanan: Jerin yana da tsawo Maman Walid, amma mai ƙarfi a ciki shi ne ladan. Wani ƙaro ne baƙi mai danƙo da ke fitowa a ganyen wani ɗan kurmi a ƙasashen Bahar Rum. Malaminsu Sa'adiya Gawon, wanda aka haifa a Fayyum ta Masar ya rasu 942, da ya fassara Attaura zuwa Larabci ladan ya sa a wurin. Shi kuwa Balaraben harshe ne, ya san azfar, amma bai zaɓe shi ba. Wannan ya daɗe yana damuna. Herodotus, masanin tarihin Girka na dā, ma ya ba da labarin ladan, ya ce a gemun bunsuru ake samunsa, don awaki na kiwo cikin kurmin sai ƙaron ya manne musu, a bi a tsefe.

Maman Walid: Gemun bunsuru! Wato ko ta ina aka bi sai an haɗa da abin ƙarni. Allah ya sawwaƙe.

Hajja Mai Turare: Ƴata ai haka turare yake. Jibda daga ina take fitowa? Miski fa? Ambar ma daga cikin kifi ne. Abin ƙamshi zalla ba ya zama a jiki, sai an sa masa mai nauyi a ƙasa.

Ɗan Wusasa: Hajja kin faɗi abin da malaman Talmud suka lura da shi. Sun ce helbena warinsa ba daɗi, amma an lissafa shi cikin kayan ƙamshi, har suka ciro darasi cewa azumin jama'a da babu masu zunubi a cikinsa ba azumi ba ne.

Abu Hanan: Sauran da ake ambata: wasu sun ce lubban jawi ne, amma wannan daga Sumatra yake zuwa, tafiyar ta yi nisa ga wancan zamani. Wasu sun ce kanumfari, saboda a Ibraniyancin yau tsifforen shi ne kanumfari, sai dai wannan suna ne da ya zo daga baya. Akwai ma masu bin asalin kalma da suka ce ta yi kama da sunan lansir a harsunan yankin, shahalim a Ibraniyancin malamansu na dā, sahlu a Akadiyanci, tsohon harshen Iraƙi.

Maman Walid: Lansir na kwaɗo?? A'a wannan kam ban yarda ba, ko a kotu.

Turaren Amare 08: Assalamu alaikum, akwai humra fara da baƙa, turaren tsuguno, kwalacca, ana aikawa ko'ina, a yi magana ta akwatin sirri.

Admin: Ranar talla Asabar ce. An goge lambar. A ci gaba.

Malama Bilki: Ni abin da ya fi jan hankalina ba sunan ba ne, aikin da ake yi wa abin ne. Ɗan Wusasa gyara mini in na kauce. A Keritot an lissafa kaya 11, jimillarsu mane 368, mane kuwa ma'aunin nauyi ne: ɗaya ga kowace rana ta shekara 365, uku na ranar kaffara. Tsifforen shi kaɗai mane 70 ne, daidai da lubban. Sai aka ƙara wasu abubuwa da ba turare ba ne. Akwai wani sabulun toka da suke kira borit karshina, aka ce ana kawo shi ne don a goge tsifforen ya yi kyau. Akwai ruwan inabin Kubrus, aka ce don a jiƙa tsifforen ya yi ƙarfi. Har suka ce fitsari ma zai yi wannan aiki, sai dai ba a shiga da shi harabar Haikali, babban wurin ibadarsu na Ƙudus, saboda girmamawa. Cikin kaya goma sha ɗaya, shi kaɗai ake wa wannan wahala. To ina tambaya: wane ƙaro ne ake gogewa da sabulu? Ƙaro ka jiƙa shi a giya ai narkewa zai yi. Hajja, yaya kike gyara farce?

Hajja Mai Turare: Malama aiki ne ja. Yadda ake sayo shi akwai sauran nama busasshe manne a bayansa, shi ne mai ƙarnin. Sai in jiƙa a ruwan zafi ya kwana, da safe in zauna da wuƙa in kankare ɗaya bayan ɗaya. In wanke, in sake wankewa da lemun tsami, wasu da lalle suke jiƙawa. In shanya ya bushe ƙarau. Sannan a soya har ya kumbura ya yi ƙus-ƙus, a daka, a tankaɗe. Bayan nan ne ake jiƙa garin cikin turare ya yi kwanaki. Wadda ta yi ganda a wajen kankara, humrarta za ta yi ƙarnin kifi ko ta zuba turaren dubu ɗari. Na taɓa ba wata yarinya aikin ta yi mini sama-sama, kwalba goma sha biyu na zubar.

Malama Bilki: Kun ji ko? A goge ya yi kyau, a jiƙa ya yi ƙarfi. Hajja ba ta taɓa buɗe Talmud ba amma ta karanto shi. Kuma an gwada a ɗakin bincike. A 2017 wasu masana a Jami'ar Southern Cross ta Ostareliya suka buga sakamako a mujallar Scientific Reports. Sun ɗauki murfin dodon koɗi na dangin da ake samun rinin shunayya, suka ƙona suka auna hayaƙin. Suka samu sinadaran fenol, irin waɗanda ke riƙe ƙamshi. Sun kuma ga cewa jiƙa shi a ruwan tsami ko barasa kafin ƙonawa yana cire firidin, sinadari mai wari da cutarwa.

Ɗan Maiurno: Shi ke nan! Kimiyya ta yanke hukunci. Ɗan Wusasa kawo hannu.

Malama Bilki: A'a Ɗan Maiurno, kada ka sa mini magana a baki. Binciken ya nuna abin zai iya yin aikin, bai nuna shi aka yi amfani da shi ba. Ba a tono kaskon Haikali an kankaro toka an auna ba.

Ɗan Wusasa: Kuma ga wani gibin. Ko mun yarda tsifforen na Talmud farcen teku ne, wannan bayanin Haikali na biyu ne, wanda Rumawa suka rushe a shekara ta 70 bayan Almasihu. An rubuta shi bayan rushewar ma. Tsakaninsa da zamanin Musa akwai ɗaruruwan shekaru, akwai rushewar Haikali na farko, akwai zaman bauta a Babila. Wa ya tabbatar mana abin da suka kira tsifforen shi ne shehelet na farko? Saiwa ma ana goge ta ana jiƙa ta. Hajja ba kya wanke kajiji?

Hajja Mai Turare: Ina wankewa ɗana, amma kajiji ba ya neman wuƙa da kwana a ruwa. Shi da ƙamshinsa ya zo.

Malam Na Ƙofar Mata: Abin da na lura, sana'ar a hannun gida ɗaya take, ko ba haka ba Ɗan Wusasa? Na taɓa jin haka.

Ɗan Wusasa: Haka ne Malam, gidan Abtinas. Su ke haɗa turaren, kuma sun ƙi koya wa kowa sirrin wani ganye da ke sa hayaƙi ya miƙe sama kamar sanda. An kawo gwanaye daga Iskandariya su maye gurbinsu, hayaƙinsu ya riƙa watsewa, dole aka dawo da su aka ninka musu lada. Da aka tambaye su dalili suka ce suna tsoron a ɗauki sirrin a kai wa gumaka. An ce matan gidan ko amarya ba ta fita da turare a jiki, don kada a ce na Haikali suka ɗiba. Ga kuma dokar Fitowa 30:38, duk wanda ya haɗa irinsa don ya shaƙa za a raba shi da jama'arsa. Abin da aka hana kwaikwaya, gida ɗaya ke yi, sannan aka rushe wurin aikin.

Hajja Mai Turare: Wannan na gane shi fiye da duk abin da kuka faɗa. Kakata akwai wani haɗi da take yi, tana ce wa wani abu a ciki "ɗan bakin kogi". Mun sha ji tana aike a sayo. Ta rasu, yau cikin jikokinta babu wanda ya san mene ne. Na tambayi tsofaffin kasuwa, wannan ya nuna mini saiwa, wancan ya nuna mini ƙaro. Shekara arba'in kawai fa.

Abu Hanan: Allah ya jiƙanta Hajja. Wani ƙarin da na manta: likitan Girka Diyoskoridis, a ƙarni na 1, lokacin Haikalin yana tsaye ko bai daɗe da faɗuwa ba, ya bayyana oniks ƙarara a matsayin murfin dodon koɗi. Ya ce mafi kyau na Bahar Maliya ne, mai haske, na Babila kuma baƙi ne ƙarami, ana ƙona su don ƙamshi da magani. Ke nan mai jin Girkanci a lokacin in ya ji oniks cikin kayan turare, wannan zai fahimta. Ni dai na karkata ga farce kashi bakwai cikin goma. Ukun da suka rage na bar wa Sa'adiya da ladan ɗinsa.

Ɗan Wusasa: Ni biyar da biyar. Maganar Firistoci 11 ba ta sake ni ba.

Ɗan Maiurno: Goma cikin goma, kuma in kun zo Sudan zan kai ku Bur Sudan ku gani da ido.

Maman Walid: Jama'a na yi abin kunya. Ina karanta ku sai na tashi na ɗauko ɗanyen farce guda biyu cikin kayan ƙanwata na jefa a kasko, wai in ji abin da Annabi Musa ya ji. Wallahi kamar an babbaka ƙafar saniya da gashinta. Baban Walid ya fito daga ɗaki yana tambaya wace waya ce ta kama wuta.

Hajja Mai Turare: Innalillahi, ɗanye kika sa? Buɗe tagogi ƴata, ki zuba hawi ko sandal a kan garwashin. Ragowar kuma ki jiƙa yau da dare, gobe ki kira ni in nuna miki yadda ake kankarewa.

Malama Bilki: Maman Walid kafin ki jiƙa ki ware mini guda biyar ɗanye. Hajja ke kuma in kin gyara naki ki ajiye mini biyar, ina so in ƙona su gefe da gefe a gaban ɗalibaina ranar Litinin, a waje ba cikin aji ba.